An Cike Ramukan Marinar Kakana: Wa Zai Ba Jikokinmu Labarin Sana'o'in Ƙasarmu?

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu sukuni. 'Yan'uwana na Malikanchi, Ikara, Paki, Makarfi, Hunƙuyi da Kudan, musamman da ku nake.

Makon jiya na je ta'aziyyar kawuna, ƙanin mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni ɗan Malikanchi ne, amma Inna daga ƙasar Kudan aka auro ta, don haka can aka yi zaman makoki. Bayan addu'ar uku sai na ja babban ɗana muka zaga bayan gari, in nuna masa marinar kakana inda na yi wasa ina yaro. Wallahi sai da na tambayi hanya. An cike ramukan, an yanka filin an sayar, an jera shaguna: ga mai cajin waya, ga mai maganin feshi, ga mai gyaran babur. Rami ɗaya ne ya saura a gefe, shi ma an mai da shi juji. Na tambayi wani saurayi da ke zaune a wurin ko ya san ramin mene ne. Ya ce, "Wallahi Baba, mun dai taso mun gan shi. Ina jin tsohuwar rijiya ce."

Ban ga laifin yaron ba, don ni ma da na yi digiri ban fi shi da yawa ba. A tashe ni daga barci zan lissafo gidajen sarautar Zazzau huɗu, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Na san labarin Sarauniya Amina. Na san marigayi Sarki Shehu Idris ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, na san ɗan Makarfi ya mulki Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007. Amma sana'ar da ta ciyar da mahaifiyata, ta yi mata kayan ɗaki, sai da na haura shekara arba'in kafin na zauna na tambayi yadda ake yin ta. Tarihin da aka koya mana na masu mulki ne. Na masu aikin da suka riƙe garuruwan, babu wanda ya rubuta mana, mu ma ba mu nema ba.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne: yau kowa ya ɗauka ƙasarmu gona ce kawai. Mu noma masara, mu noma rake da tumatir da barkono, a zo da manyan motoci a kwashe, a sarrafa a wani wuri, a dawo mana da shi a gwangwani ko a leda da tsada. Yaranmu sun ɗauka haka Allah Ya yi mu tun fil'azal. To ba haka ba ne. Akwai lokacin da ƙasar nan take gama kayanta da kanta kafin ta fitar.

A ƙarni na 19, zamanin Daular Usmaniyya, daga kudancin Kano zuwa arewacin Zazzau yanki ne guda na saƙa da rini. Masana tarihin tattalin arziki suna lissafa Kura da Bunkure da Rano da Zarewa a ɓangaren Kano, a namu ɓangaren kuma Kudan da Makarfi da garuruwan da ke kewaye da su. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake sayarwa a kasuwar suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Mu kan ji haka mu ce "kayan Kano". Amma ba a cikin ganuwar Kano aka noma audugar ba, kuma ba duka a can aka kaɗa zaren ko aka rina ba. Ƙauyuka irin namu ne suka yi kaso mai yawa na aikin, Kano ta zama kasuwar.

Ku duba yawan hannayen da riga ɗaya take bi. Manomi ya noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta da magurji su cire angurya, su yi shiɓa, su kaɗa da mazari, mai abawa daban, mai siririn zare daban. Masaƙi ya zauna a masaƙa da ƙoshiyarsa ya fitar da sawaye. Maɗinki ya harhaɗa. Marini ya rina. Daga nan sai mabuga, inda ake barbaɗa shuni a daka da ɗan bugu a kan gungume har tufa ta riƙa walƙiya. Sannan fatake su ɗora wa jakuna. Kowane mataki akwai gidan da yake ci daga gare shi. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa fita kasuwa ba, amma da kuɗin kaɗi ta tara wa 'ya'yanta mata tasoshi da kwalla.

Bara da Babbar Sallah na samu Kawu yana cikin raha, na kunna wayata na ce, "Kawu, don Allah ba ni labarin marinar Kaka." Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, sai yanzu? Me za ka yi da shi?" Minti arba'in da ɗoriya muka yi kafin baƙi su shigo. Na ce zan dawo mu ƙarasa. Ban dawo ba sai da aka kira ni ta'aziyya. Wannan minti arba'in ɗin shi ne duk abin da ya rage mana na sana'ar gidansu.

Ga kaɗan daga abin da ya faɗa. Ramin marina ya fi tsayin mutum zurfi, kuma ba da siminti ake shafe shi ba, da laso ne, wanda ake haɗawa da katsi, wato dattin da ake kwasowa daga gindin tsohon rami a ƙona, da gashin dabba daga majema da ruwan dafara. A cika ramin da ruwa, a zuba toka da katsi, a zuba baba wanda aka daka aka cura aka shanya. Sai a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da muciya safe da yamma. Na ce ta yaya ake gane ya nuna? Ya ce, "Da hanci, da kumfa, sannan ka ɗanɗana da harshe." In an tsoma farin zane, da aka ɗago shi kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya kai baƙin da mai kaya yake so. Ya ce rami yana iya mutuwa in ba a iya riƙonsa ba, kuma akwai dattawan da ake kira su zo su tashe shi.

A jami'a an koya mana cewa iskar oksijin ce take juya launin, ƙananan halittu kuma su ne suke aikin ruɓar. Kaka bai san waɗannan sunaye ba, amma ya riƙe ramuka shekara da shekaru ba su mutu ba. Har ya bar duniya hannayensa shuɗaye ne zuwa gwiwar hannu. Ina yaro in ya miƙo mani ƙosai sai in noƙe, ya ce, "Abokina, hannun nan shi ya aurar da uwarka."

Kada kuma mu yi wa tarihin kwalliya. Wani ɓangare na audugar da babar da suka ciyar da wannan sana'a a ƙarni na 19, bayi ne suka noma su a rumada, waɗanda ƙasar Zazzau ta yi suna da su. Wannan ma tarihinmu ne, kuma in za mu rubuta, mu rubuta har da shi.

To me ya kashe sana'ar? Abubuwa ne da dama, kuma ba rana ɗaya suka zo ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda daga baya ya cika kasuwannin duniya. A 1902 masu masaƙun Lankasha ta Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, don su samu audugar da za ta ciyar da injinansu. A 1911 layin dogo daga Zariya ya isa Kano, ya ratsa ta ƙasarmu, ga tashar Likoro ga ta Gimi. Tsohuwar hanyar fatake da jakuna ta koma ta ƙarfe. Jirgin da yake tafiya kudu da ɗanyar auduga shi ne yake dawowa da atamfa da akoko.

Wani abu da ya kamata kowane ɗan yankin nan ya sani: da farko Turawan ba su ji da daɗi ba. Sun kafa gidan gurza a Zariya suna jiran auduga, sai suka tarar masaƙanmu da masu kaɗi suna sayen ta da farashin da ya fi nasu. Manomi kuwa ba mahaukaci ba ne, inda ya fi tsoka can yake kaiwa. Sai da aka bi ta wasu hanyoyi: aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, aka kafa fulotai da dokokin saye da sayarwa, ga kuma haraji da dole sai da tsabar kuɗin Bature za a biya. A hankali auduga ta tashi daga abin da muke sarrafawa ta koma abin da muke kaiwa sikeli. Rini bai mutu nan take ba, ya yi ta jan ƙafa har zamaninmu. Amma da rinin kanti ya yawaita, wanda ake gamawa cikin sa'o'i a tukunya ko duro, wa zai jira rami ya yi mako? Kawu ya ce shi ne na ƙarshe da ya tsoma zane a ramin gidansu, daga nan ya koma noman rani.

Iyayenmu sun ci moriyar zamanin fuloti, ba a musu. Duk wanda ya kai shekaruna zai tuna ƙarshen-ƙarshensa: fararen tulin auduga da kaka, malamin sikeli, masu tuwo-tuwo, sabon keke da rediyo bayan an biya kuɗi. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, kuma samarinmu da dama sun tafi Kakuri aiki. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin SAP. Masaƙun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, ta farkon ta rufe a 2002, babbar cikinsu UNTL ta tsaya a 2007. Yau ka zaga daga Ikara zuwa Hunƙuyi ka ƙirga gonakin auduga nawa za ka gani.

Sai rake. Ko'ina ka je a ƙasar nan ka ce Makarfi, rake za a fara ambata maka, kuma wanda ya taɓa shiga kasuwar Makarfi ranar Laraba ya san dalili. A nan ma mun taɓa riƙe matakin sarrafawa da ƙarfi. Tun zamanin Turawa aka shigo da injin matse rake wanda doki yake juyawa. Na ga wannan da idona: doki yana zagaye, yaro yana bin sa da tsumagiya, mutum ɗaya yana cusa rake, ruwan yana gangarowa. A tafasa a babban kasko, busasshiyar tukar raken ita ce makamashi, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Mazarƙwaila ke nan. Ba ta lalacewa da wuri kamar ɗanyen rake, tana tafiya nesa, kuma kuɗin aikin a ƙauye yake tsayawa. Alhamdu lillahi wannan sana'a ba ta mutu ba, injin mai ya maye gurbin doki a wurare da yawa. Amma ku gaya mani, cikinmu wa ya taɓa zama da tsohon mai mazarƙwaila ya tambaye shi wa ya fara kawo injin garinsu, daga ina, da nawa, kuma ina ake kai kayan? Masanin nan M.G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya fitar da littafi a 1955 a kan tattalin arzikin garuruwan Hausawan Zazzau. Baƙo ya zo ya ƙirga sana'o'in kakanninmu gida-gida, mu jikokinsu ko leƙa littafin ba mu yi ba.

Na ƙarshe shi ne tumatir. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka kafa a 1981 daga shirin masana'antu na gwamnatin Alhaji Balarabe Musa, yunƙuri ne na dawo mana da wannan mataki da ya kuɓuce. Ya yi shekara da shekaru a kulle kafin a ba 'yan kasuwa hayarsa a farfaɗo da shi wajen 2014. A 2016 kuma tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Duk shekara labarin ɗaya ne: lokacin da kaya ya yi yawa kwando ya faɗi warwas, manomi ya yanka ya shanya a bakin titi, bayan wata uku kuma tumatir ya gagari talaka. Mutanen da suka yi aiki a wannan kamfani tun farkonsa, wasunsu suna nan da rai a Ikara. Su ne suka san abin da ya yi daidai da abin da ya lalace. In an tashi wani sabon shiri gobe, wa zai tambaye su?

Kun ga zaren labarin: auduga, rake, tumatir. Duk lokacin da muka riƙe sarrafawa, garuruwanmu sun cika da masu sana'a. Duk lokacin da muka sake ta, sai samari su kama hanyar Abuja da Legas acaɓa da ci-rani. Wanda bai san an taɓa yi ba, ba zai yarda za a iya yi ba. Shi ya sa nake ganin cike ramin marina ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in kawo misali daga waje, kuma akwai dalilin da ya sa na zaɓi wannan wuri. A 1826 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya taso daga Zariya zuwa Kano, ya ratsa wannan yanki namu yana rubuta abin da ya gani, ya rasu a Sakkwato a 1827. Mutumin ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Annan a yankin Sikotilan, arewacin Birtaniya. Yana yaro, a 1790, wani ɗan majalisarsu, Sir John Sinclair, ya aika wa limaman coci na gundumomi sama da 900 tambayoyi 160: mutum nawa ne a garinku, me suke nomawa, masaƙa nawa, maƙera nawa, nawa ne ladan lebura? Amsoshin suka cika littafi 21. Yau ɗan ƙauyen Sikotilan yana iya buɗewa ya ga masaƙa nawa ne a garinsu shekara 200 da suka wuce. A 1951 Jami'ar Edinbura ta kafa sashe na musamman da ya riƙa bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya yana naɗar masunta da manoma da masu waƙar aiki. Akwai kuma ƙauyen New Lanark, wanda aka gina a kan masaƙar auduga a ƙarshen ƙarni na 18. Masaƙar ta rufe a 1968 kamar yadda namu suka rufe, amma ba su rushe ba, suka gyara. A 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, yanzu mutane suna biyan kuɗi su je kallo.

Su ma sana'o'insu sun mutu, ba wai sun fi mu sa'a ba ne. Bambancin shi ne sun rubuta kafin masu sanin su ƙare.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomin Lardin Zazzau, masu ɗauke da ƙidayar masu sana'a saboda haraji, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ga Arewa House. A Jami'ar Ahmadu Bello kuma akwai hirarrakin da aka naɗa da dattawa a wajejen 1975 da 1976 a kan noma da fatauci da sana'o'i. Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin kan tsofaffin da suke raye yanzu, kuma wannan ba ya jira. An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, yanzu an dawo da shi. Madalla. Amma in malami a Malikanchi zai koyar da tarihi, me zai ce wa yara game da Malikanchi?

Ga roƙona, kuma ba ya buƙatar kwangila ko kwamiti. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, zuwan da za ka yi na gaba ka kunna wayarka. Ka fara da faɗin sunansa da garin da ranar. Ka tambaye shi sana'ar ubansa da ta uwarsa, sunayen kayan aikin, wa ya koya masa, ina ake kai kayan, nawa ake sayarwa, yaushe aka daina kuma me ya sa. Kada a tsallake iyayenmu mata, su ne suka san kaɗi da daddawa da man gyaɗa da sabulun salo. Kada a tsallake maƙera da majema da magina tukwane, da Fulanin da ke kewaye da mu, da 'yan'uwanmu Maguzawa da Kiristocin Hausawa. In akwai mazari ko ƙoshiya ko tsohon injin rake a zaure, a ɗauki hoto kafin 'yan gwangwan su saye. In ka naɗa, ka tura wa mutum biyu, don waya tana ɓata.

Malaman makaranta, ku ba ɗalibai wannan a matsayin aikin hutu. Iyayenmu hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan, Allah Ya ja zamaninku, inda duk ramin marina ya saura a bar mana ko guda ɗaya, a kewaye shi, a sa allo. Ba zai ci kuɗin buhun taki goma ba.

Ni dai na yi magana da mai filin da ramin Kaka na ƙarshe yake ciki, ya ce zai dakata da cikewa zuwa bayan damina. 'Yan'uwa na ɗakin Inna da ke karanta wannan, ku neme ni mu san abin yi. A hanyarmu ta dawowa Kaduna na kunna wa ɗana muryar Kawu a mota. Da ta ƙare ya ce, "Abba, ina sauran?" Na rasa abin da zan ce masa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa aljanna ce makomarsu, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Wanda yake da labarin sana'ar garinsu, bismillah, muna saurare.